Abin da Aka Soya a Kaskon Wadia

Buhun farko da ya shigo gidan, Wadia ta ɗauka gawayi ne. Mijinta Jalilu ne ya sauke shi daga bayan trotro, motar hayar da yake ja, da hantsi, ya kinkimo shi har tsakar gida yana kawar da fuska, ya jingina shi da firizarta, ya koma mota ko ruwa bai sha ba. Sai da ta zo ɗaukar zabin da za ta soya ta ga gindin buhun yana tsattsafo da wani ruwa mai yauƙi, ƙudaje sun yi masa caa.

Suyar zabi ce sana'ar Wadia. Teburinta na ƙofar gidan surukanta a unguwar Maamobi, kan hanyar da ke gangarawa babban magudanar da 'yan unguwa ke kira gota. Kasko ɗaya, tire ɗaya, soyayyar doya da shito, miyar barkono mai yaji. A Accra kowa na iya samo tsohuwar kaza ya ƙona ta da mai ya rantse maka zabo ne, kai kuma ka biya kuɗin zabo kana godiya. Don haka Wadia ta fito da nata tsarin: duk zabon da ta yanka, sai ta jera kansa a gefen tire, da ƙahonsa da jan naman da ke reto a haɓarsa, mai saye ya gani da idonsa. Da haka sunanta ya ɓace, ta koma Mai Kai. Direbobi daga tashar Circle, teloli daga unguwar Nima, har 'yan ofis masu ɗaure wuya, kowa cewa yake a je wurin Mai Kai. Ba ta da gida, ba ta da fili, ko teburin ma a ƙofar mutane yake. Wannan suna shi ne abin da ta mallaka a duniya, kuma tana ji da shi.

Tana tsaye kan buhun sai ga Alhaji Abass, yayan mijinta. Shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifinsu, motar da Jalilu ke ja tasa ce, kuma yana da shagon kayan magani a kasuwar Nima, irin su fatu da ƙahoni da sassaƙe. Ya kwance bakin buhun da kansa ya zazzage. Ungulaye ne, sun fi goma, wuyansu a lanƙwashe, bakinsu da busasshiyar kumfa.

Wadia ta ja da baya ta ce, "Innalillahi! Yaya, mene wannan?"

"Arziki ne, Amarya," in ji shi. Shekararta bakwai a gidan, har yanzu Amarya suke ce mata, musamman in akwai aikin da ba mai so. "Ke ne mai wuƙa mai kaifi a gidan nan. Ki cire min kai, ƙafa, zuciya, da dogon gashin fiffike. Ki sa a firiza. Mutanena na zuwa daga Lome."

"Yaya, wannan mushe ne. A firizan da nake sa abincin mutane?"

"Firiza naki ne, wuta na wa? Ki naɗe a leda, ba abin da zai taɓa."

Surukarta Hajiya Amama na zaune a ƙofar ɗaki tana jan carbi. Wadia ta dube ta ko za ta ce wani abu. Tsohuwar ta ƙarasa ƙwayar da ke hannunta tukuna, sannan ta ce, "Gidan da ya ba ka inuwa, in ya ce riƙe min wannan, sai ka riƙe. Ai ba ci aka ce ki yi ba."

Ta riƙe ɗin. Wanda zai zage ta a kan haka ya fara zama a ɗakin da ba nasa ba tukuna.

Daga nan buhu ya zama na kowane mako. Ta ji yadda ake samo su ne daga bakin Alhaji da kansa, don mutum ne mai son a san ya iya. Can arewa yaransa ke sayen mataccen jaki ko akuya, su barbaɗe shi da wani garin maganin ƙwari na gona, su koma gindin bishiya su jira. Ungulu ɗaya in ta sauka, sauran na ganinta daga sama su biyo, kafin azahar sai dai a bi da buhu ana tsinta. Masu saye kuwa ba sa ƙarewa: mai neman lambar caca ta zo masa a mafarki, mai neman kujera, mai shari'a a kotu. Wai tsuntsuwar da ke hango mushe daga sama, kanta zai hango wa mutum gobe. Ba wanda ya tsaya ya tambayi yadda aka yi ba ta hango buhun ba.

Aikin ya fara cin Wadia daga hannu. In ta tsaga wuyan, garin nan na nan a cikin jakar abincin tsuntsuwar, shuɗi-shuɗi, ya jiƙe. Yatsunta suka fara saɓa. Sai ciwon kai, sai zufa ko da safe, sai yawu ya riƙa taruwar mata a baki, idonta na ganin dishi-dishi. Takan wanke hannu da omo har sau uku kafin ta taɓa zabinta, duk da haka zuciyarta ba ta kwanta ba.

Wata safiya ta je kasuwar kaji wurin Baba Saddique, tsohon da ke yanka mata zabi. Ta same shi yana korar ƙudaje daga tulin hanjin da aka zubar bayan rumfa, yana mita.

"Da can wa ke wannan wahala?" in ji shi. "Ka jefar da hanji, kafin ka juya ungulu ya share. Rufin mayanka baƙi ƙirin da su, har jifa muke yi. Yanzu ɗaga kanki ki duba, 'yata. Ko ɗaya. Sai ƙuda da ɓera da kare mai ciwo. Ungulaye ma'aikatan Allah ne, ba albashi, ba yajin aiki, mun rasa su ba mu ma san ranar da suka tafi ba."

Wadia ta ɗaga kai don kunyarsa. Sama fayau, sai wayoyin lantarki. Ita ta san inda suka tafi, suna cikin firizarta a ƙarƙashin zabi.

A makon ne ta tsaga wata ta tarar da ƙwai a cikinta, guda ɗaya, ɓawonsa bai gama ƙwari ba. Ta tsaya riƙe da shi a tafin hannu. Alhaji ya hango, ya taso da sauri har takalminsa na fita.

"Kar ki fasa! Kin san kuɗin wannan? Ungulu ƙwai ɗaya yake yi a shekara, ɗaya tak. Shi ya sa yake da tsada."

"To Yaya, in ɗaya yake yi, kuna kashe uwa da ƙwan, gobe ina za ku samu?"

Ya yi dariya. "In ya yi wuya, kuɗi ya ƙaru. Da a Techiman nake samu, yanzu sai can arewa Bolga, gobe Burkina. Abin Allah yana ƙarewa ne? Ke dai yi aikinki."

Abin da ya dami gidan ba tsuntsayen ba ne, gangar jikinsu ce. An cire kai da ƙafa, saura tulin nama ba mai so. Da fari Jalilu ke zubarwa a gota. Sai kyanwoyin unguwa suka fara mutuwa, sannan karen wani makanike, sannan kajin maƙwabciya da suka yi tsattsaga a bakin ruwan. Mutane suka fara tambayar wa ke zuba guba. Alhaji ya ce a daina kaiwa gota, naman ya taru a firiza har murfin ba ya rufuwa.

Ranar nan Hajiya Amama ta kira Wadia ɗakinta, ta ba ta wuri a bakin gado, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tambayi jikinta, ta tambayi kasuwa. Sannan ta sauke murya.

"Zabo ya yi tsada, ko ba haka ba? Ga nama a gida yana lalacewa. In kin yanka ƙanana, kin sa citta da kanumfari, ya sha mai, wa zai gane? Ki haɗa da naki, rabi da rabi. Hausawa sun ce in ungulu ta biya buƙata, zabuwa sai ta tafi da zanenta."

Wadia ta ce, "Mma, wannan karin magana ne, ba girki ba ne."

"Ni za ki koya wa magana?"

"Mushe ne, Mma. Kuma guba ne ya kashe shi. Ki dubi hannuna."

"Wuta na kashe guba. Kuma masu sayen nan rabinsu ba sa salla, abin da suke ci a gidajensu ya fi wannan."

"Rabin da ke salla fa? Kuma wanda ba ya salla, cikinsa dutse ne?" Ta miƙe, ba ta sauke ido ba. "Na fige, na yanke, na ba da firiza. Kaskona kam a'a. Wallahi ko za a kore ni yau, ungulu ba zai shiga kaskona ba."

Ba a kore ta ba. Gidan da ya iya zalunci ba ya kora, zama yake gyara maka. Aka daina amsa gaisuwarta. Aka ce firiza ta cika, ta nemi inda za ta sa zabinta, har wasu suka lalace mata. Buhu kuwa ya koma biyu, kuma ita ce dai mai wuƙa. Jalilu in ya dawo sai ya zauna bakin katifa yana murza hula.

"Ki yi haƙuri, Wadia. Kin san motan nan ba nawa ba ne."

"Maigida, ba mota nake tambayanka ba. Matarka nake tambayanka. Dubi yadda nake tofar da yawu kamar mai ciki."

"Zai wuce. Alhaji ya ce kaya biyu ya rage."

Kaya biyun nan ba su taɓa raguwa ba. Jalilu ba mugu ba ne, kuma wannan ya fi ƙona mata rai, don mugu ko ba komai ka san inda za ka tsaya da shi.

Ran wata Talata tana tsakiyar fiɗa ƙasa ta juya mata. Ta farka a asibiti da ƙarin ruwa a hannu. Da ma'aikaciyar jinya ta tambayi abin da ta ci ko ta taɓa, Hajiya Amama ce ta amsa daga bakin gado, ta ce zazzaɓi ne, yarinyar ba ta kwana cikin gidan sauro. Wadia na ji, harshenta ya yi nauyi, ta kasa cewa komai.

Da aka dawo da ita gida sai ga surukarta ta zama uwa. Ta dama mata koko, ta shafa mata man zafi, ta ce, "Kwanta ki huta, 'yata. Tebur kar ya dame ki, ni da yaran gida za mu riƙe miki, kar kastomominki su watse." Wadia har hawaye ta yi. Tana kwance tana jin ƙamshin mai da citta daga ƙofar gida, tana jin ana cewa a gaida Mai Kai, tana gode wa Allah da ya taɓa zuciyar tsohuwa. Fiye da mako tana wannan godiya.

Da ƙafarta ta yi ƙwari ta lallaɓa kasuwar kaji. Baba Saddique ya yi mata sannu da jiki, sannan ya ce, "Ni kuwa in tambaye ki. Wane magani kuke haɗawa a gidanku da kan zabo?"

"Kan zabo, Baba?"

"Surukarki kullum sai ya aiko a tattara masa kawuna. Kai kaɗai, ba jiki. Har na maƙwabtana nake haɗa masa. Na ce ko na ciwonki ne."

Wadia ta dafa turken rumfar. Tun tana yarinya take jin ana cewa an yi wa wane ungulu da kan zabo, ta ɗauka magana ce kawai ta manya. Ashe akwai gidan da zai ɗauki maganar ya ɗora a wuta, kuma a tirenta.

Ba ta san yadda ta iso unguwa ba. A bakin lungu ta ji an ce, "Anti Mai Kai!" Rashidatu ce, wata kayayo mai dakon kaya a ka, da ke kwana a unguwar Old Fadama. Kusan kullum in ta tashi aiki takan biyo ta sayi wuya da ƙundu, don su ne masu araha, Wadia kuma ta ƙara mata doya saboda cikin da take ɗauke da shi. Yau ta rame, zanenta ya zagaye ta har da saura. Tana riƙe da lemu uku a leda.

"Na ji ba ki da lafiya, na kawo miki," in ji ta. "Ni ma na kwanta paa, sosai. Amai, zawo, jiki na rawa. Cikin ya fita, Anti."

Wadia ta kasa karɓar ledar.

"'Yan ɗakinmu sun ce naman da na saya ne, don wanda muka ci tare shi ma ya kwanta. Na ce dabi, a'a, ƙarya ne. Naman Mai Kai ne, na ga kai da idona a tire. Na yi faɗa da su saboda ke."

Wuya da ƙundu. Daidai inda garin yake taruwa. Wadia ta riƙe hannun yarinyar. Ta karɓi lemun, don ƙin karɓa zai zama wani cin mutuncin, ta ce mata ta zauna a kan benci kar ta tafi.

Ta tarar da su duka a tsakar gida, Alhaji na cin abinci, Jalilu na wanke ƙafa. Ba ta yi sallama ba.

"Mma, me kuka soya a kaskona?"

Hajiya Amama ba ta ko girgiza ba. "Abin da kika ƙi soyawa. Kuma an saye tas, har ana cewa ya fi daɗi."

"Wata ta rasa cikinta."

"Kayayo nawa ke ɓari a garin nan? Suna ɗaukar buhun doya da ciki, sai a ce nama ne? Kwanan ɗan ne ya ƙare."

Alhaji ya suɗe yatsa ya ce, "Zauna, Amarya, in faɗa miki abin da ba ki lissafa ba. Tebur na wa? Tire na wa? Wa aka sani? Ba wanda ya san Hajiya a suya. In kin buɗe baki, ba Abass ne mai soya ungulu ba, Mai Kai ne. Daga nan har garin Kasoa ba mai ƙara cin abin hannunki, ko ruwan leda kika sayar. Mu mun rufa miki asiri, ke ma ki rufa wa kanki."

Gaskiya ya faɗa, kuma ya san gaskiya ce, shi ya sa ya koma kan tuwonsa. Wadia ta dubi Jalilu. Yana ta cuɗa ƙafar da ta riga ta wanku.

Ta shiga ɗaki ta zauna. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, don ta ga kanta ba suna, ba tebur, ba ɗaki. Ta yi kuka mai isarta. Da aka kira la'asar ta yi salla, ta ɗaura ɗankwali, ta wanke tirenta har yana ƙyalli. Mutanen gidan suka ga haka suka saki jiki, Hajiya har da cewa Allah ya yi mata albarka. Sai da tsakar gida ta yi shiru ta buɗe firiza, ta ciro uku daga sabon buhun da ba a taɓa ba, da kansu da ƙafarsu da komai.

Lokacin ne titi ke cika. Ta ɗora tiren a tebur, ta baje fukafukan har suna zubowa ta gefe, ta buɗe murya irin ta talla.

"Ungulu! Ga ungulu da kansa! Wanda ya ci nama a teburin nan tun ranar da na kwanta, ya zo ya ga abin da ya ci!"

Kafin ka ce kwabo titi ya tsaya. Ta faɗa da Hausa, ta faɗa da yaren Twi, ta faɗi garin da ake barbaɗawa, ta nuna hannunta. Ta ce duk mai amai ko rawar jiki ya je asibiti ya ce guba ne, kar ya yarda a ba shi maganin zazzaɓin sauro. Wani direba ya juya ya yi ta kakari a bakin gota. Wata mata da ta saya wa 'ya'yanta ta ratso taron ta kwaɗa wa Wadia mari, wani ya hankaɗe teburin, mai ya malale a titi. Ba wanda ya tambayi wa ya soya. Rashidatu na zaune a benci, hannu biyu a ka, ba ta zage ta ba, ba ta kuma dube ta ba.

Kafin hankali ya dawo kan gidan, Alhaji ya fitar da buhunansa ta ƙofar baya. Da magariba labari ya riga ya sauya: zazzaɓi ne ya taɓa wa Amarya kai, ta tsinto matattun tsuntsaye a juji tana sambatu. Hajiya Amama ta zauna a ƙofar gida tana share hawaye, mata na ba ta haƙuri. Wadia kuwa aka miƙo mata kayanta a jaka ta taga. Ta koma wurin wata gwaggonta a Nima, ta shimfiɗa tabarma a baranda. In ta fita, yara na binta da Mai Ungulu. Ta gwada soya doya zalla, ta wuni ba wanda ya tsaya.

Bayan sati biyu mai unguwa ya aika a kira ta. Zauren ya cika: Alhaji da babbar riga, Hajiya da carbi, Jalilu a rakuɓe, dattawa a jere, mata sun yi cincirindo a waje suna leƙe. Mai unguwa dattijo ne mai son zaman lafiya, irin wanda in an kawo masa wuta yakan nemi tabarma ya rufe.

"'Yata," in ji shi, "mun duba, ba mu ga amfanin tonon nan ba. Alhaji ya yafe. Hajiya ya yafe. Mijinki na son ki. Ɗakinki na nan, za a yi miki sabon tebur. Abu ɗaya ake so: ki faɗa a gaban mutane cewa zazzaɓi ne ya sa ki magana, naman zabo ne. Ni da kaina zan sa a yi shela a masallaci. Sunanki ya wanku, na gida ya wanku. Ke ce ma kika fi kowa riba."

Nan ma gaskiya ne. Kalma ɗaya, ta koma Mai Kai. Mutane na son su yarda, don ba mai son ya kwana da sanin ya ci ungulu. Wadia ta ji daɗin abin ya ratsa ta har ƙafa, kamar mai azumi ya ji ƙamshin miya. Jalilu ya matso ya ce a hankali, "Don Allah, Wadia. Ki ce kawai. Mu koma gida."

Ta dube shi ta ce, "Maigida, jiya ka je tasha ɗauko kaya?"

Ya sunkuyar da kai. Ba wanda bai ga amsar ba.

Ta juya ga mai unguwa. "Ranka ya daɗe, zazzaɓi ya sauka, lafiyata lau. In na ce zabo ne, wanda ke kwance yanzu zai ci gaba da shan maganin zazzaɓin sauro. In na ce zabo ne, yarinyar da cikinta ya zube, laifin doyan da ta ɗauka ne. Kuma gobe wani buhu zai shigo, a nemi wata Amarya mai wuƙa. Tsuntsun nan bai ci na kowa ba, ƙazantarmu yake kwashewa, an bi shi har ƙwan cikinsa. Ba mai zuwa zauren nan ya yi masa magana, don ba shi da babban riga."

"Amarya!" in ji Alhaji. "Ki san a gaban wa kike."

"Na sani, Yaya. Shi ya sa ba zan yi ƙarya ba. Ni na fige, da hannun nan, na yarda da nawa. Kowa ya ɗauki nasa."

Hajiya Amama ta ce, "To ki sani, kin fita kenan. Kuma ki ga wanda zai ƙara cin abin hannunki."

"Gara a ƙi ci a rayu, Mma."

Mai unguwa ya yi ajiyar zuciya ya ce ta je ta yi tunani, ƙofa a buɗe take. Ta durƙusa ta yi masa godiya yadda ya kamata, ta tashi ta nemi silifas ɗinta a cikin tulin takalma. Ta saka. Ba ta san inda za ta samu na abincin gobe ba, kuma ta san Jalilu ba zai biyo ta ba.

A waje matan suka dare mata hanya. Wata tsohuwar kastomarta, wadda ta sha saya wa jikokinta, ta riƙo gefen mayafinta, idonta cike da roƙo.

"Mai Kai, faɗa min tsakaninki da Allah. Zabo ne, ko?"

Wadia ta ga abin da matar ke so ta ji. Ta ɗaga murya yadda na cikin zaure ma za su ji.

"Ungulu ne, Mma. Ki kai yaran asibiti."